Awon maltimita yana zuwa a makare tun da na fara sarrafa ta daga kwamfuta

MaiAwo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna haɗa na'urorin awo da kwamfuta, domin yau kwana huɗu ke nan ina fama da wata matsala da na kasa gano bakin zarenta.

An ba ni aikin gwada wani ƙaramin allon lantarki wanda ke karɓar wuta tsakanin bolt 9 da 30, ya fitar da bolt 5. Abin da ake so shi ne in riƙa ɗaga wutar da ke shiga da rabin bolt a kowane mataki, in auna abin da ke fita, sannan in ɗauko zubin kaɗawar, wato ɗan hawa da saukar bolt, da ke kan layin fitar. Matakai 43 ke nan, kuma za a maimaita su a kan alluna da yawa, shi ya sa na ga ya fi dacewa kwamfuta ta yi aikin. Na'urar ba da wuta da maltimita, wato mitar da ke auna wutar, duka suna kan waya ta Ethernet, ina magana da su ta ƙofa mai lamba 5025, osiloskof kuwa, wato na'urar da ke zana zubin sigina a allo, ta USB na haɗa shi. Na rubuta shirin da Python da PyVISA, kayan aikin da ke ba Python damar magana da na'urorin awo ta tsarin VISA.

Matsala ta farko daga maltimita take. Saboda ina son awo mai tsabta, na sa NPLC, saitin tsawon lokacin awo, a kan 100, kuma tun daga lokacin shirin ya fara tsayawa da kuskuren VI_ERROR_TMO, wato wa'adin jiran amsa ya ƙare. Sai na gyara shi ta yadda idan wa'adin jira ya ƙare, zai tsallake wannan matakin ya wuce na gaba. Shirin ya daina tsayawa, amma lambobin da ke cikin fayil sun daina dacewa da abin da idona ya gani. Da hannu na tabbatar cewa allon yana tashi ne da wutar shiga ta kai bolt 10, amma fayil yana nuna bai tashi ba sai a 11, wani zagayen ma sai a 12. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da shirin ya gama na aika *IDN? domin ta faɗa mini sunanta, sai ta amsa da +5.01238E+00.

Matsala ta biyu daga osiloskof take. Ina neman ɗigo 1200 na zubin siginar, amma abin da ke isowa wani lokaci 37 ne, wani lokaci ɗari huɗu da 'yan kai, kuma tambayar da ta biyo baya sai ta dawo da tarkacen haruffa marasa ma'ana. Na canja wayar USB har sau biyu, babu abin da ya sauya. Shin na'urorin ne suke da lahani, ko akwai wani abin da ban fahimta ba game da yadda ake magana da su?

TsohonInjiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, maltimitarka lafiyarta ƙalau, kuma amsar da ta ba ka lokacin da ka tambayi sunanta ita ce ta fallasa matsalar gaba ɗaya. Lambar nan awo ne da ka nema tun ɗazu, ka gaji da jira ka tafi, ita kuwa ta gama aikinta ta aiko maka, ya zauna yana jiran mai ɗauka.

Mu fara da lissafin lokaci. NPLC yana nufin yawan zagayen wutar layi da mita za ta ɗauka tana tara awo ɗaya. Inda wutar layi take yin zagaye 50 a sakan, NPLC 100 sakan 2 ne cif, inda take yin 60 kuma sakan 1.67 ne. Bayan haka, mitoci da yawa suna auna sifirinsu na ciki bayan kowane awo idan ba a hana su ba, wanda hakan kan ninka lokacin, ya kai wajen sakan 4. Wa'adin da PyVISA ke jira idan ba ka canja shi ba milisakan 2000 ne. Ka ga kenan ka ba ta aikin sakan huɗu, ka ce za ka jira ta sakan biyu. Da ka sa shirin ya riƙa tsallakewa, umarnin READ? na neman awo suka riƙa taruwa a layi, kowanne yana jiran na gabansa, har ya zama mita tana auna mataki na biyu alhali na'urar ba da wuta ta riga ta wuce na uku. Saboda haka lambobin da ke cikin wannan fayil ba zamewa kawai suka yi ba da za ka iya matsar da su sama ka yi amfani da su; wasunsu an auna su ne a daidai lokacin da wutar ke canjawa. Shawarata ita ce ka watsar da su baki ɗaya.

Dalilin da ya sa tsohuwar amsa ta iya riskar ka yana da nasaba da hanyar da ka zaɓa. A GPIB, wato layin da kamfanin Hewlett-Packard ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1960 aka mayar da shi ƙa'idar IEEE 488 a 1975, na'ura ba ta magana sai kwamfuta ta ba ta izini. Amsa tana zaune a cikin na'urar, kuma ƙa'idar IEEE 488.2 ta 1987 ta tanadi cewa idan sabon umarni ya zo kafin a karanta tsohuwar amsa, na'urar ta zubar da ita ta rubuta kuskure, wanda a SCPI, wato harshen umarnin da na'urorin awo ke ji, lambarsa -410 ce. Ƙofar 5025 ba ta da wannan ladabin ko kaɗan. Bututu ne kawai na TCP: da amsa ta kammala na'urar za ta turo ta, ta kwanta a ma'ajiyar kwamfutarka, kuma duk tambayar da ka yi daga baya ita za ta fara cin karo da ita. Idan mitarka tana karɓar VXI-11 ko HiSLIP, ka koma can. A adireshin VISA, sai ka cire 5025::SOCKET ka sa inst0::INSTR domin VXI-11, ko hislip0::INSTR domin HiSLIP, wanda ke amfani da ƙofa ta 4880. Waɗannan biyun an gina su ne domin su kwaikwayi halayen GPIB a kan Ethernet, kuma suna da umarnin share na'ura, wanda a PyVISA ake kira clear, da ke katse abin da take yi ya kuma wanke abin da ya taru. Duk lokacin da wa'adi ya ƙare, wannan ne abu na farko da ya kamata shirinka ya yi, sannan ya sake auna matakin da ya faɗi, kada ya tsallake shi.

Ka ɗaga wa'adin jira zuwa milisakan 10000, babu abin da za ka rasa, domin shirin ba ya jiran wa'adin ya cika idan amsa ta iso da wuri. Ni dai a ganina NPLC 100 ya yi yawa ga allon da ke fitar da bolt 5. NPLC 10 zai ba ka abin da kake bukata a kashi ɗaya cikin goma na lokacin. Abin da ke da muhimmanci shi ne lambar ta kasance cikakkiya, domin tara awo a kan cikakken zagaye shi ke kashe gurnanin wutar layi. Ka kuma kiyayi MEAS:VOLT:DC? a cikin zagayen shirinka, saboda yakan mayar da saitin mita yadda ya zo daga masana'anta kafin ya auna, sai NPLC ɗin da ka sa ya tafi ba ka sani ba. Ka saita sau ɗaya da CONF, ka sa NPLC bayansa, sannan ka riƙa kiran READ? kawai.

Akwai ɗabi'u biyu da nake roƙon duk wanda na koya wa wannan aiki ya riƙe. Ta farko, bayan ka ba na'urar ba da wuta umarni, ka aika *OPC? ka jira ta amsa da 1 kafin ka ci gaba. Amma ka sani cewa 1 ɗin nan yana nufin ta gama da umarninka ne kawai, ba ya nufin wutar da ke kan allonka ta natsu, don haka har yanzu kana bukatar ɗan jinkiri, ko kuma ka auna sau biyu ka ga sun yi kusa da juna. Ta biyu, ka riƙa tambayar SYST:ERR? bayan kowane rukunin saiti, kana maimaitawa har ta amsa da 0. Na'urar SCPI ba ta yi maka gardama idan ka aika mata abin da ba ta gane ba. Shiru take yi, ta rubuta kuskuren a jerinta, ta bar saitin yadda yake.

Batun osiloskof na bar wa waɗanda suka fi ni zama da shi.

MalamaSigina ta amsa:

Injiniya ya gama magana a kan mita, bari in ɗauki ta osiloskof. Malam MaiAwo, ina kyautata zaton ka sa read_termination a kan alamar sabon layi ga dukkan na'urorin uku, tun da ƙofar 5025 ba ta aiki sai da ita. Ga amsoshin rubutu wannan daidai ne, amma zubin sigina ba a rubuce yake zuwa ba, lambobi ne tsura, bayit ɗaya ga kowane ɗigo. Alamar sabon layi ita kanta bayit ce mai darajar 10. Saboda haka duk lokacin da siginarka ta bi ta tsayin da osiloskof ya ba lamba 10, kwamfuta sai ta ɗauka saƙo ya ƙare ta daina karatu. Idan na'urarka tana ƙirga tsayi daga -128 zuwa 127, to 10 tana dab da tsakiyar allo, daidai inda kaɗawar da kake aunawa take yawo, shi ya sa wani lokaci ɗigo 37 kawai kake samu. Tarkacen da kake gani a tambaya ta gaba kuwa ragowar zubin ne da ba ka kwashe ba.

Ƙa'idar IEEE 488.2 ta riga ta yi maganin wannan. Irin wannan saƙo yana farawa da alamar #, sai lamba ɗaya da ke faɗin yawan lambobin da ke biye, sai su waɗannan lambobin su faɗi tsawon bayanan. Idan ka ga #41200, ma'anarsa lambobi huɗu na tafe, kuma bayit 1200 ne za su biyo baya. Mai karatu ya ƙirga 1200 ɗin nan ba tare da ya kula da abin da ke cikinsu ba. A PyVISA, query_binary_values yana yin wannan da kansa, sai dai akwai tarko a ciki: idan ba ka faɗa masa nau'in bayanan ba, zai ɗauka kowane ɗigo bayit huɗu ne, ya haɗa maka ɗigo huɗu-huɗu ya fitar da lambobi 300 da ba su da alaƙa da komai. Ka sa datatype ya zama ƙaramin b idan lambobin suna da ɓangaren ƙasa da sifiri, ko babban B idan daga 0 zuwa 255 suke.

Abin da za ka samu bayan haka ba bolt ba ne tukuna. Sai ka nemi bayanin gabatarwa daga osiloskof, wanda ke ɗauke da darajar mataki ɗaya a bolt, da inda sifiri yake, da tazarar lokaci tsakanin ɗigo da ɗigo. A nan kamfanoni suka rabu duk da SCPI da aka fitar tun 1990 domin a haɗa kansu: na'urorin Keysight da Rigol suna amfani da WAV:PRE? da WAV:DATA?, na Tektronix kuma CURV? da nasu umarnin gabatarwa, don haka littafin shirye-shiryen na'urarka shi ne alƙali. Ka nemi gabatarwar a kowane mataki, domin da ma'aunin allo ya canja ita ma ta canja. Ka kuma sa osiloskof ya ɗauka sau ɗaya ya tsaya kafin ka karanta, in ba haka ba ba za ka san ko zubin na wannan mataki ne ko na wanda ya wuce ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya dame ni: wayar USB tana haɗa layin ƙasa na kwamfuta da na osiloskof kai tsaye, kai kuma kaɗawa ta 'yan milibolt kake nema. Ka tsayar da komai yadda yake, ka zare USB ɗin kana kallon allo, ka ga ko kaurin layin ya ragu. Idan ya ragu, hayaniyar kwamfutarka kake aunawa tare da ta allon. Ethernet yana da 'yan ƙananan taransifoma a kowace ƙofa da ke raba ɓangarorin biyu, muddin wayar ba mai rigar ƙarfe ba ce, don haka idan osiloskof ɗin yana da ƙofar Ethernet ni can zan mayar da shi.

MaiAwo ya rubuta:

Injiniya, Malama, Allah ya saka da alheri. Na koma VXI-11, na sa NPLC 10, kuma yanzu fayil yana nuna allon ya tashi a bolt 10 kamar yadda na gani da hannu. Ɗigo 1200 suna isowa cif a kowane mataki. Gwajin zare USB ma na yi, layin ya sirance, don haka na mayar da osiloskof kan Ethernet.

Amma SYST:ERR? ya nuna mini abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Na'urar ba da wuta ta dawo da -113 jere da juna, wato umarnin da ba ta sani ba. Ashe a wurin sa iyakar kwararar wuta CURRE na rubuta, ita kuwa CURR ko CURRENT kaɗai take ganewa, babu tsaka-tsaki. Kwana huɗu ina gwaji da zaton na sa iyaka a amfiya 1.5, alhali iyakar tana can inda wanda ya yi amfani da na'urar kafina ya bar ta.

Ina da sauran tambaya ɗaya. Za a bukaci in bar allon yana aiki tsawon dare ana aunawa, kuma ina so in riƙa dubawa daga gida. Na yi tunanin buɗe ƙofar na'urorin a kan rauta domin in riƙa gudanar da shirin daga kwamfutata ta hannu. Akwai aibu a hakan?

MaiKulaDaLayi ya amsa:

Ɗan'uwa, ina roƙonka kada ka buɗe wannan ƙofa. Ƙofar 5025 da VXI-11 ba sa tambayar kalmar sirri, ba sa kuma ɓoye saƙo, domin an tsara su ne a kan cewa duk wanda ke kan layin ɗan gida ne. Duk wanda ya laluba ya samu adireshin zai iya aika VOLT 30 da OUTP ON, wato ya sa bolt 30 ya kunna wutar, kamar yadda kai za ka aika, kuma akwai manhajoji da ba su da aikin yi dare da rana sai laluben ƙofofin da aka bari a buɗe a intanet. Fasali na biyu na HiSLIP ya ƙaro ɓoye saƙo da tantance mai shiga, amma sai na'urar da VISA ɗinka duka sun san shi, kuma yawancin kayan da ke kan teburan gwaji sun girme shi.

Ko da babu mai kutse, tsarin da ka zayyana yana da rauni, domin ka sa intanet a tsakiyar zagayen gwajin. Idan layi ya yanke da tsakar dare, shirin ya mutu a gidanka, na'urar ba da wuta kuwa za ta ci gaba da riƙe umarni na ƙarshe da ta ji har gari ya waye. Abin da ya fi shi ne ka ajiye ƙaramar kwamfuta kusa da teburin, ko da Raspberry Pi ce, shirin ya gudana a kanta, na'urorin su kasance a kan nasu keɓaɓɓen layi da adireshi tsayayye wanda ba ya canjawa idan an kashe an kunna. Kai kuma ka shiga wannan kwamfutar ta SSH ko VPN, hanyoyin shiga daga nesa masu tsaro, ka tayar da shirin a cikin manhajar tmux domin ya ci gaba ko ka fita. Kowane awo a rubuta shi cikin fayil nan take tare da lokacinsa, kada a tara a ƙwaƙwalwa sai ƙarshe. Sannan ka sa OUTP OFF a cikin sashen finally na shirin, ta yadda ko kuskure ne ya kashe shi zai kashe wutar kafin ya fita.

TsohonInjiniya ya amsa:

Na yarda da duk abin da MaiKulaDaLayi ya faɗa game da layi, sai dai ba na so MaiAwo ya dogara da finally fiye da ƙimarsa. Yana aiki ne idan Python tana raye kuma hanyar zuwa na'urar tana nan. Idan kwamfutar ta daskare, ko wani ya taka waya ta zare, OUTP OFF ba zai taɓa isa ba. Kariyar gaskiya dole ta zauna a cikin na'urar ba da wuta kanta. Ka sa iyakar bolt ta kariya da VOLT:PROT kaɗan sama da 30, ka kunna kariyar kwararar wuta wadda ke kashe fitarwa gaba ɗaya idan an kai iyaka, maimakon ta riƙe wutar a kan iyakar tana ɗumama allon da ya riga ya lalace. Wasu na'urori suna da agogon tsaro da ke kashe fitarwa idan sun daɗe ba su ji daga kwamfuta ba. Ka duba littafin taka, idan tana da shi ka kunna. Fis ɗin amfiya 2 a kan wayar da ke shiga allon ma ba ya bukatar kowa ya aika masa umarni.

Game da CURRE ɗin nan, ka gode wa Allah allon bai samu matsala a kwanakin ba. Daga yau shirinka ya fara da *RST domin ya goge abin da wani ya bari, sai *CLS domin ya share jerin kurakurai, tun da *RST ba ya taɓa shi. Bayan ka sa kowace iyaka, ka tambaye ta da CURR? da VOLT:PROT?, shirin ya kwatanta amsar da abin da ka nema, idan ba su dace ba ya ƙi kunna wutar. Ka kuma koya masa cewa 9.9E+37 daga maltimita ba awo ba ne, alama ce ta cewa abin da ake aunawa ya wuce ma'aunin da aka zaɓa, domin idan ta shiga lissafin matsakaici za ta lalata sakamakon daren gaba ɗaya.

Kafin ka bar shi shi kaɗai, ka yi gwajin da rana kana zaune a gabansa: ka bari ya kai tsakiyar aiki, ka zare wayar maltimita ka ga abin da shirin zai yi, ka mayar, sannan ka zare ta na'urar ba da wuta ka ga ko fitarwar ta mutu ko tana nan a kunne. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani a na biyun, daga nan za mu san ko agogon tsaro ya ishe ka ko sai an ƙara rile, wato makunnin lantarki, da zai yanke wutar daga waje.